Koyon Turanci Da Ƙoƙarin Kai: Jawabi Ga Sababbin Ɗalibai



An umurce ni da in yi magana a kan wani al'amari wanda kusan dukanmu mun san zafinsa, amma ba mu son a ambace shi a bainar jama'a, watau raunin Turancin da yawancinmu muke shigowa da shi jami'a. Ni ba malamin Turanci ba ne. Ɗalibi ne kamarku, sai dai na riga ku zuwa da shekara uku, kuma Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Saboda haka ina roƙon malamaina da ke zaune a nan su yi mini afuwa in na shiga gonarsu.

Abin da ya sa maganar ta zama wajibi shi ne, in ka ɗebe sassan da ke koyar da Hausa da Larabci da Faransanci da makamantansu, duk wani ilmi da za a ba ku a nan da Turanci za a ba ku shi, da Turanci za a tambaye ku shi, da Turanci kuma za ku mayar da amsa. Mai karatun likita da mai karatun shari'a da mai karatun aikin gona duk hanya ɗaya za su bi. Sau da yawa za ka ga yaro mai kaifin basira, wanda in ka zauna da shi a gindin bishiya zai warware maka darasi da Hausa har ka yi mamaki, amma da an ba shi takarda da alƙalami sai ya rasa ta inda zai fara. Malami kuwa ba ya duba abin da ke cikin kai, abin da ke kan takarda shi yake ba maki. Daga nan sai a fara tara kwasa-kwasan da aka faɗi, wannan zango biyu, wancan uku, har ranar da za a liƙa suna a allon sanarwa a ce jami'a ta sallami wane. Uban da ya sayar da hatsinsa ko ragonsa ya biya kuɗin rajista ba zai taɓa sanin cewa ɗansa ya fahimci karatun ba, harshen faɗinsa ne ya rasa.

Kada wani ya ɗauka wannan rauni daga daƙiƙanci ya samo asali. Tarihi ya ishe mu shaida. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta yi suna wajen tsananin kula da Turanci, musamman lafazi, kuma daga cikinta aka sami irin su Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suka yaba wa zaƙin muryarsa da tsabtar Turancinsa, da Sa Ahmadu Bello Sardauna, da Alhaji Abubakar Imam. Waɗannan ba a cikin Turanci aka haife su ba. Daga gidaje irin namu suka fito, Hausa da Fulatanci suka sha a nono. Abin da suka samu shi ne ajin da ba shi da cunkoso, da makarantar kwana, da malaman da ke da lokacin gyara wa kowane yaro jimlarsa. Da aka buɗe ƙofar ilmi ga kowa, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sai yara suka yi yawa, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan. Alheri ne babba aka yi, domin da ba a buɗe ƙofar nan ba da mafi yawanmu ba mu zauna a wannan zaure ba. Amma dai sakamakonsa shi ne da yawa daga cikinmu da Hausa aka koya mana Turanci, kamar mai koyon iyo a kan tabarma. Mun haddace ma'anar suna da aikatau da sifa, mun ci jarrabawar gama sakandare, mun ci ta shiga jami'a. To, amma zaɓen amsa ɗaya daga cikin huɗu dabam, rubuta shafi biyu masu ma'ana daga kanka dabam.

Wani zai ce ai jami'a ta san da wannan, shi ya sa ta wajabta wa kowane ɗan aji ɗaya kwas na Turanci. Gaskiya ne, kuma ina yi muku nasiha kada ku yi wasa da shi. Amma mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka ana yin wannan darasi awa biyu a mako, zango kuwa mako goma sha biyar ne. Awa talatin ke nan, in malami bai yi tafiya ba, in ba a yi hutun salla a tsakiya ba, in kuma ka sami wurin zama kusa da gaba inda za ka ji abin da ake faɗi a cikin ɗaruruwan mutane. Masu shirya jarrabawar Turanci na Kembirij a Ingila sun kasa iya harshe mataki-mataki, kuma ƙiyasinsu shi ne mai koyo yana bukatar kimanin awa 200 na karatu kafin ya tashi daga mataki ɗaya zuwa na gaba. Ina awa talatin, ina awa ɗari biyu? Yanzu kuma ku dubi ɗalibin da ya keɓe wa kansa rabin awa kullum. In ya yi haka kwana 300 a shekara, ya sami awa 150, watau ninki biyar na abin da aji ya ba shi, ba tare da ya biya kowa ko kwabo ba.

Akwai kuma abin da ba ma son tunawa. A shekarar 2020 yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wajen wata tara, ga annobar korona a kansa. A 2022 kuma aka sake yin wani, daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, wata takwas cur. Ba na nan don in ce wane ne ke da gaskiya a wannan rigima. Abin da nake son ku lura da shi shi ne, ɗalibin da karatunsa ya rataya a kan lacca kaɗai, ranar da aka rufe ƙofar aji ranar karatunsa ya tsaya, har ma ya fara zubewa, domin harshe kamar wuƙa yake, in an ajiye shi tsatsa yake yi. Wanda ya saba da karanta wa kansa kuwa, rufe makaranta bai rufe masa littafi ba.

Turawa masana koyar da harsuna sun daɗe suna rubutu a kan wannan. Wani Bafaranshe mai suna Henri Holec, na Jami'ar Nancy, ya fitar da littafi a 1981 inda ya nuna cewa babban abin da ya kamata a koya wa mai koyon harshe shi ne ya iya riƙe ragamar karatunsa da hannunsa: ya san abin da yake nema, ya zaɓi abin da zai karanta, ya tsara lokacinsa, ya kuma auna kansa. Da na ji wannan bayani sai na ce a raina, ashe abin da ake yi a zaurukan garinmu ne aka kai Turai aka sa masa suna. Ku tuna yadda ake ɗaukar karatu a makarantar zaure. Kowane ɗalibi da littafinsa, wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, wani ya kai Risala. Malam ba ya ja wa kowa fiye da 'yan layuka a rana. Sauran aikin duk na ɗalibi ne: ya yi muɗala'a kafin ya zo, ya koma ya maimaita bayan ya tashi, ya nemi wanda ya fi shi ya gyara masa. Haka gardi yake ƙaurace wa gari ya tafi kiskadi da allonsa, ba mai tsaye a kansa da bulala, har ya haɗa hadda. Mutanen da suka naƙalci Larabci ta wannan hanya, har suka wallafa littattafai da waƙoƙi a cikinsa ba tare da sun taɓa taka ƙasar Larabawa ba, kakanninmu ne. Abin mamaki shi ne yadda muka shiga boko muka ajiye wannan gado a bakin ƙofa, muka koma jiran malami ya rubuta a allo mu kwafa, ya raba takarda mu haddace, mu amayar masa da ita ranar jarrabawa.

To, yaya mutum zai yi? A ganina tushen abin duka karatu ne mai yawa, kuma mai sauƙi. Ina jaddada kalmar sauƙi, domin nan ne mafi yawan masu niyyar kirki suke tuntuɓe. Yaro ya yi azama zai gyara Turancinsa, sai ya je laburare ya ɗauko Shakespeare, ko wani ƙaton littafin falsafa, don a gan shi da shi. Ya buɗe shafin farko, kalma talatin bai sani ba. Ya yi ta jeka-ka-dawo tsakanin littafi da ƙamus, bayan awa guda bai gama shafi biyu ba, kai ya yi zafi, ya rufe, ya yanke hukunci cewa Turanci ba rabonsa ba ne. Laifin na zaɓen littafi ne. Masana irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu ya fahimta ba tare da taimako ba, sai ya san kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki. A shafi mai kalma 300, kalma shida ke nan kacal ya kamata su zama baƙi a gare ka. Saboda haka ga ma'auni mai sauƙi: buɗe littafi a tsakiya, karanta shafi ɗaya, kana lanƙwasa yatsa duk inda ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba. In yatsun hannu biyu suka ƙare ba ka kai ƙarshen shafi ba, mayar da shi kan kanta, lokacinsa bai yi ba. Nemi wanda ya fi shi sauƙi, ko da na 'yan sakandare ne, ka rufe bangonsa da jarida in kana jin kunya.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani Bature mai suna Michael West, wanda ya yi aikin koyarwa a Bengal ta ƙasar Indiya a shekarun 1920, shi ya lura cewa littattafan makaranta suna jibga wa yara baƙin kalmomi fiye da kima. Sai ya shiga rubuta littattafan karatu da kalmomi ƙididdigaggu, yana shigo da sababbi kaɗan-kaɗan, yana maimaita su. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda aka fi amfani da su, waɗanda su kaɗai sukan ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Daga baya wasu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka gwada abin a makarantun firamare na ƙauye a tsibirin Fiji, inda yara suke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu kamar mu. Suka kai wa azuzuwa littattafan labarai masu daɗi kimanin 250, aka bar yara suna karantawa kullum. A rahoton da suka buga a 1983 sun nuna cewa bayan wata takwas, waɗannan yara sun ci gaba wajen fahimtar karatu da sauraro ninki biyu na yadda aka saba gani. Ba wani sihiri a ciki. Idon da ya ga jimla ingantacciya sau dubu, shi da kansa zai ji ƙyamar gurguwa in ya gan ta, ko da mai idon ba zai iya faɗin dokar nahawun da aka karya ba. Haka muka koyi Hausa. Wane ne a cikinmu uwarsa ta zaunar da shi ta koya masa lamirin suna?

Mu kuwa mun yi sa'a, domin akwai littattafan Turanci da aka rubuta a kan rayuwar da muka sani, kuma sanin wuri da al'ada rabin fahimta ne. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya fitar da The Passport of Mallam Ilia a 1960 da Burning Grass a 1962, na biyun a kan Fulani makiyaya, dukansu gajeru ne, Turancinsu a miƙe. Akwai jerin littattafan Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, cikinsu har da The Undesirable Element na Mohammed Sule. Wasu manya sukan raina su wai labaran soyayya ne da 'yan fashi, ni kuwa ina ganin sun koya wa mutanen ƙasar nan Turanci fiye da littattafan nahawu da yawa, saboda mutum yakan kai ƙarshensu. Sa'an nan ga The Stillborn na Zaynab Alkali, 1984, wanda nake son kowace 'yar'uwa da ke nan ta karanta, ga kuma Things Fall Apart na Chinua Achebe, 1958. Wanda ya riga ya karanta Shaihu Umar da Hausa, ya nemi fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, ya ajiye su gefe da gefe, zai ga abin mamaki a kan yadda harsunan biyu suke gina magana. In ƙafa ta yi ƙwari, sai a matsa zuwa irin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016. Shafi goma a rana ya isa. Littafi mai shafi 150 zai ƙare a mako biyu, a shekara kuwa ka karanta fiye da ashirin.

Sai dai labari kaɗai ba zai kai ka ga Turancin lacca ba, domin akwai wasu kalmomi da littattafan ilmi suke yawan amfani da su, waɗanda ba safai ake samunsu a labarai ba. Wata malama, Averil Coxhead, ita ma daga New Zealand, ta tattara su a shekarar 2000. Ta sami iyalin kalmomi 570 waɗanda suke ɗaukar kimanin kashi goma cikin ɗari na rubutun jami'a, ko wane fanni ne. Abin da ake nufi da iyalin kalma shi ne kamar yadda karanta da karatu da makaranta da makaranci suke 'yan gida ɗaya. Wannan jeri yana nan kyauta a intanet. Wanda ya ɗauki biyar a rana zai gama shi a kwana 114, ƙasa da wata huɗu. Daga cikinsu ku fara da waɗanda malamai suke buɗe tambaya da su, irin su analyse da define da evaluate da contrast, domin ɗalibai da yawa suna faɗuwa ne saboda an ce su auna abu su yanke hukunci, su kuwa suka tsaya ba da labarinsa.

Kada dai ku wuce biyar ko goma a rana, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma ku sani mantuwa tana da ɗabi'a. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada ta a kan kansa ya buga sakamakon a 1885: mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne tun a awoyin farko da ranar farko, amma duk lokacin da aka sake waiwayarsa bayan ɗan tsaiko sai zubewar ta ragu. A kan wannan ne wani ɗan jarida na Jamus, Sebastian Leitner, ya tsara dabarar akwati a 1972, kuma ba ta bukatar kome sai kwali da almakashi. Ka yanka ƙananan katuna, ka rubuta kalma a gaba, ma'anarta da jimla guda a baya. Ka sami gwangwani uku. Na farko kana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka tuna ma'anarsa ya haye zuwa gwangwani na gaba, wanda ka manta ya koma na farko. Da haka lokacinka zai tafi a kan kalmomin da suke ba ka wahala, ba waɗanda ka riga ka sani ba. Akwai manhajojin waya da ke yin wannan aiki, amma gwangwani ba ya cin caji, kuma saƙon abokai ba ya shigowa ta cikinsa. Sirrin abin shi ne ka tilasta wa ƙwaƙwalwa ta nemo amsa kafin ka juya kati. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗaliban jami'a, suka tarar waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Almajirin da ke kifa allonsa ya biya da ka ya riga su sani.

Game da ƙamus, gajeriyar magana zan yi. Na Turanci zuwa Hausa, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana da amfani a farkon tafiya. Amma ku yi ƙoƙari ku koma ga ƙamusun masu koyo, irin wanda A. S. Hornby ya tsara, Oxford ta buga a 1948 kuma take ta sabunta shi, domin shi yana nuna maka yadda kalma take zama a cikin jimla da irin kalmomin da take tafiya da su. Sanin ma'anar kalma ba tare da sanin abokan tafiyarta ba shi ke haifar da Turancin da kowace kalma a cikinsa daidai take amma jimlar ba ta Turanci ba ce.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi ciwo, watau buɗe baki. Kowane harshe yana barin sawunsa a kan harshen da mai shi ya koya daga baya, kuma sawun Hausa sananne ne. Ba mu rarrabe p da f, shi ya sa pan da fan suke zame mana abu ɗaya. Ba mu da v, sai mu mai da ita b. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, wanda ya sa bread ya zama burodi a bakin kakanninmu. Wasulanmu biyar ne, dogaye da gajeru, na Turancin Ingila kuwa sun kai wajen ashirin in an haɗa da masu aure. A nahawu ma haka: muna cewa Audu ya zo, sai mu ɗauki wannan ya mu kai ta Turanci mu ce Audu he came. Kalmar ara a wurinmu ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa, Turanci kuwa ya raba su biyu, lend da borrow. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, duk da ji ɗaya, su kuwa kowanne da kalmarsa. Waɗannan ba abin kunya ba ne, Bafaranshe da Bajamushe da Bayarabe kowa da irin nasa. Amfanin saninsu shi ne mutum ya san ramukan da ke kan hanyarsa tun kafin ya kai gare su. Ka ɗauki ɗaya a mako. Ka saurari gajeren shiri, irin 6 Minute English na BBC, wanda za ka iya saukewa a waya sau ɗaya ka yi ta ji, ka tsayar, ka maimaita jimlar da ƙarfi, ka naɗi muryarka, ka gwada da tasu.

Amma duk wannan ba zai yi amfani ba muddin muna riƙe da mugunyar ɗabi'ar nan ta yi wa juna dariya. Yaro ya yi ƙarfin hali ya ɗaga hannu a aji, harshensa ya sarƙe, sai aji ya ɓarke da shewa, har a laƙaba masa kuskuren ya zama sunansa shekara huɗu. Daga ranar ya kulle bakinsa. 'Yan'uwanmu mata abin ya fi tsanani a kansu, domin an riga an tarbiyyantar da su a kan kawaici, ga kuma tsoron a mai da su abin hira a ɗakunan kwana. In wani kuma ya ce zai riƙa yin Turanci da abokinsa don su saba, sai a ce ga Bature, wai yana girman kai. Mu ne a gaba wajen dariya, mu ne kuma a baya wajen maki. Ina kira ga kowane ɗaki, mutum uku ko huɗu su yi alkawari a tsakaninsu: rabin awa bayan sallar isha'i ba a yin kome sai Turanci, kowa ya ba da labarin abin da ya karanta ranar, ba dariya, gyara kuwa sai mai magana ya kai aya.

Rubutu shi ma sai da yi. Ka sayi littafin rubutu guda, kowane dare ka rubuta jimla biyar a kan abin da aka koyar ranar, da kalmominka, littafin malami a rufe. Bayan mako ka koma ka karanta da jan biro a hannu. A nan dole in ambaci baƙon da ya shigo mana. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, aikin gida ya zama abin minti biyu: a liƙa tambaya, a kwafe amsa, a miƙa. Turancin da ke fitowa sumul yake, amma ba naka ba ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin zauren jarrabawa ba a shiga da waya. Ban ce a guje shi ba. Rubuta naka tukuna, da kura-kuransa, sa'an nan ka ba na'urar ka ce ta nuna maka inda ka kauce da dalili, ka sake rubutawa da hannunka. Ka kuma riƙa tuhumarta, don takan yi kuskure ta faɗe shi da gadara. Wanda ya yi haka ya sami malami mai haƙuri da ba ya gajiya da tambaya. Wanda ya bar ta ta yi masa aikin kuwa kamar mai biyan wani ne ya ci masa abinci.

Na hango wasu yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati sun zo wannan taro, kuma na tabbata za su gaskata ni. Takardar digiri tana kai mutum bakin ofis ne kawai. Ranar da shugaba zai tura maka fayil ya ce ka taƙaita masa shi a shafi ɗaya kafin azahar, ko ka rubuta bayanin taro, ranar ce za a san abin da ka yi da shekarunka huɗu. Jarrabawar ƙarin girma ma da Turanci ake yin ta.

Na san akwai mai cewa a zuciyarsa, me ya sa za mu wahalar da kanmu a kan harshen waɗanda suka mallake mu, alhali muna da namu? Ina tare da shi a rabin maganarsa. Ina fatan ranar da za a koyar da kimiyya da shari'a da Hausa a wannan jami'a, kuma da Hausa nake yi muku wannan jawabi da gangan. Amma wa zai fassara littattafan in ba wanda ya ƙware a harsunan biyu ba? Abubakar Imam, wanda ya ba mu Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya san Larabci ya san Turanci, ya karanta labaran gabas da na yamma, sa'an nan ya zuba su a tukunyar Hausa. Sanin Turancinsa bai rage wa Hausarsa kome ba. Kuma a iya lurata, mafi yawan masu fakewa da kishin Hausa don su guje wa Turanci, in ka ba su takarda ka ce su rubuta shafi ɗaya da Hausar, ƙa'idojin rubutunta ma ba su sani ba.

Saura roƙo guda ga shugabannin wannan ƙungiya. Littattafan da na ambata sun yi tsada, wasu ma sai a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ake samunsu, kuma laburaren jami'a ya fi ba da ƙarfi ga littattafan fannoni. Ina ba da shawara a samar da kabad ɗaya a ofishin ƙungiya, kowane ɗalibi mai barin gado ya ajiye littafin labari ɗaya kafin ya tafi, a kasa su kashi uku gwargwadon sauƙinsu, a sa wa kowane kashi alama da launi, a ajiye rajista, aro mako biyu. Malamanmu na sashen Turanci kuma muna roƙonsu su taimaka wajen kasawar, su kuma ba mu awa ɗaya a wata da ɗalibi zai kawo littafin rubutunsa a duba masa ba don maki ba. Ni na kawo guda uku yau, suna hannun sakatare, mai so ya rubuta sunansa kafin a tashi.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.